Yadda Ake Zaɓen Na'urar Wuta da Kwango Wajen Haɗa Kwamfutar Tebur

Mafi yawan masu haɗa kwamfutar tebur da kansu sukan ɗauki makonni suna kwatanta furosesa da katin hoto, sai kuɗi ya kusa ƙarewa sannan su tuna cewa ba su sayi na'urar wuta ba, ba su kuma sayi kwangon da za a zuba kayan a cikinsa ba. A nan ne mai shago yakan miƙo kwango mai araha wanda ya zo da tasa na'urar wutar a ɗaure, a biya a tafi. Daidai ne a zaɓi waɗannan abubuwa biyu a ƙarshe, domin sauran kayan ne suke nuna irin wadda ta dace, amma kuɗinsu a farko ya kamata a ware shi. Na'urar wuta, wadda masu gyara suke kira fawa-fak, ita ce take karɓar wutar soket mai bolt 230, ta mayar da ita wuta mai gudu waje ɗaya ta bolt 12 da 5 da 3.3, ta raba wa kowane sashe. Idan ta lalace tana iya tafiya da madabod da katin hoto a lokaci guda. Kwango kuwa shi ne yake yanke hukuncin yawan iskar da kayan za su samu, da yawan ƙurar da za ta kwanta a kansu.

Lissafin wat

Mataki na farko shi ne ka rubuta furosesa da katin hoton da ka tsayar, ka nemi yawan wutar da kowannensu yake ja a shafin kamfanin da ya ƙera shi, domin su biyun ne suke cin kusan dukkan wutar. A wajen furosesa kada ka tsaya ga lambar da ake kira TDP kaɗai, saboda ba ita ce iyakar abin da yake ja ba. Ryzen 5 7600 an rubuta masa wat 65, amma yana kaiwa 88 idan aiki ya yi nauyi. Core i5-12400F shi ma 65 ne a rubuce, yana kuma kaiwa 117. Core i9-13900K da aka rubuta wa 125 an ba shi damar kaiwa 253. Babbar lambar ita ce ta lissafi. A wajen katin hoto lambar ta fi fitowa fili: RTX 4060 yana jan wat 115, RTX 3060 yana jan 170, RTX 4070 yana jan 200, RTX 4090 kuwa 450.

Sai ka ƙara wat 60 zuwa 80 domin madabod da ram da ma'ajiyar SSD da fankoki. Mu ɗauki kwamfutar da aka haɗa da Ryzen 5 7600 da RTX 4070: 88 da 200 da 70 sun ba da 358. Wannan ba ita ce lambar da za ka saya ba, domin ana so na'urar ta riƙa aiki a tsakanin rabi da kashi biyu cikin uku na ƙarfinta, inda ta fi rage asarar wuta, fankarta kuma ba ta ƙara. Don haka mai wat 650 ce ta dace da wannan haɗin, kuma ita ce Nvidia, kamfanin da ya ƙirƙiri wannan katin, da kansa ya ba da shawarar a sa masa. Idan kuwa Core i9-13900K ne da RTX 4090, lissafin yana wuce 770, saboda haka mai wat 1000 ta fi kwantar da hankali. Kwamfutar ofis ko ta shagon buga takardu wadda ba ta da katin hoto na daban da wuya ta ja wat 150, kuma na'ura mai inganci ta wat 400 ko 450 ta ishe ta har da saura.

Akwai dalili na biyu na barin wannan rata. Katunan hoto na zamani sukan fizgi wuta farat ɗaya, ninkin abin da aka rubuta musu ko fiye, na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Na'urar da ba a shirya ta don haka ba takan ɗauka cewa matsala ce ta faru, sai ta kashe kanta, kwamfuta ta mutu a tsakiyar aiki ba tare da wani saƙo ba. Wannan ne ya sa Intel ya fitar da ƙa'idar ATX 3.0 a shekarar 2022, wadda ta wajabta wa manyan na'urori jure fizgar da ta kai ninki biyu na ƙarfinsu na ɗan taƙaitaccen lokaci. Idan katinka babba ne kuma sabo, nemi wadda aka rubuta wa ATX 3.0 ko 3.1. Ya kamata kuma a kawar da wani tsoro da yake hana mutane sayen babbar na'ura: mai wat 1000 ba ta jan wat 1000 daga soket a kowane lokaci, abin da kayan suka nema kawai take ja. Illar sayen wadda ta yi girma da yawa ita ce kuɗin da aka ɓatar a kanta.

Karanta takardar da ke jikinta

Mataki na biyu shi ne wanda yake raba na'urar gaskiya da ta bogi, kuma a tsaye a cikin shago ake yin sa. A jikin kowace na'urar wuta akwai takarda mai jadawali da take nuna amfiya nawa kowane layi yake bayarwa. Nemi layin +12V, ka ninka amfiyarsa sau 12. Na'ura mai kyau ta wat 650 takan nuna kimanin amfiya 54, wato wat 648, kusan dukkan ƙarfinta ke nan a layin da furosesa da katin hoto suke sha. Irin wadda take zuwa kyauta a cikin kwango mai araha kuwa za ka iya ganin an buga mata 500W da manyan haruffa, amma layin bolt 12 ɗinta amfiya 18 ne, wato wat 216, sauran kuma an jibge shi a layukan bolt 5 da 3.3 waɗanda kwamfutar zamani ba ta buƙatarsu sosai. Irin wannan za ta iya ɗaukar kwamfutar ofis na ɗan lokaci, amma ranar da aka sa mata katin hoto ranar za ta nuna halinta.

Duba kuma ko an faɗi zafin da aka auna ƙarfin nata a kansa. Masu inganci sukan rubuta cewa suna ba da cikakken ƙarfinsu ba yankewa a ma'aunin zafi 40 ko 50. Marasa inganci a ɗaki mai sanyi ake auna su, wani lokaci ma lambar ta ɗan lokaci ce kawai. Wannan batu ya shafe mu kai tsaye, domin a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin watan Afrilu yakan wuce 40 a waje, cikin kwango kuma ya fi ɗakin zafi. Sannan ka ɗauke ta a hannu. Nauyi ba hujja ba ce cikakkiya, amma na'urar da aka ce tana ba da wat 600 kuma ka ji ta sakayau, to an rage mata ƙarafan da suke ɗauke zafi da manyan kafasitoci, kuma wannan ya isa ka ajiye ta.

Bayan haka sai tambarin 80 Plus, wanda aka fara bayarwa tun 2004. Yana nuna kashi nawa na wutar da aka ja daga soket ne yake isa ga kayan kwamfuta. A awon da ake yi da wuta mai bolt 115, matakin Bronze yana buƙatar kashi 85 cikin ɗari idan na'ura tana rabin ƙarfinta, Gold 90, Platinum 92, Titanium 94, kuma a kan wuta irin tamu mai bolt 230 sakamakon yakan ɗan fi haka. Abin da ya ɓace zafi yake zama. Idan kayanka suna neman wat 400, na'ura mai kashi 82 za ta ja 488 daga soket ta mayar da 88 zafi, mai kashi 90 kuwa za ta ja 444, zafinta 44 kawai. Ga mai aiki da batirin sola ko da man janareta wannan bambanci kuɗi ne, ga kowa kuma sauƙin zafi ne. A ganina Bronze daga kamfanin da aka sani ya wadatar ga ƙaramin haɗi, Gold kuma shi ne daidai ga wanda ya sa katin hoto mai tsada. Sai dai tambarin ba ya auna ingancin kayan ciki, kuma buga shi a kwali ba wuya ba ne ga mai son yaudara, saboda haka a duba sunan samfurin a jerin da masu ba da shaidar suke wallafawa a intanet, ko a na Cybenetics, wani kamfanin gwaji da yake auna har da ƙarar fanka.

Abin da ya fi tambarin muhimmanci shi ne matakan kariya, waɗanda ake jerawa a kwali da gajerun haruffa. OVP da UVP suna kashe na'ura idan wutar da take fitarwa ta hau ko ta sauka fiye da ƙima, OCP da OPP idan an ja fiye da ƙarfinta, SCP idan wayoyi sun haɗu, OTP kuma idan zafi ya yi yawa. Wadda ba ta ambaci waɗannan ba, musamman SCP da OTP, bai kamata ta shiga cikin kwamfutarka ba. Kada kuma suna kaɗai ya ruɗe ka, domin kamfanoni da yawa ba su ne suke ƙera na'urorin da suke sayarwa ba. Masana'antu irin su Seasonic da FSP da Super Flower da CWT da Great Wall su ne suke ƙera wa da yawa daga cikinsu, don haka kamfani ɗaya yana iya fitar da samfuri mai kyau ƙwarai da wani na tsaka-tsaki. Ka nemi sharhin da aka yi wa samfurin da kake so da ainihin lambarsa. Tsawon garanti ma yana nuna yadda kamfani ya yarda da kayansa, domin masu kyau sukan ba da shekara biyar ko bakwai ko goma. Ka tambayi mai shago a fili wane ne zai karɓe ta idan ta lalace, da kuma tsawon lokacin da ya ɗauka maka, ya rubuta a rasit.

Wutar da za ta shiga cikinta

Mataki na uku ya shafi wutar gidanka. Zaɓi na'urar da aka rubuta wa 100–240V, domin irin wannan tana ci gaba da aiki ko da wuta ta yi rauni sosai, abin da muka saba gani da yamma idan unguwa duka ta kunna kaya. Wasu masu araha 200–240V kawai suke karɓa, kuma su ne suke mutuwa da zarar wuta ta ragu. Tsofaffin na'urori kuma, musamman na hannu da aka shigo da su daga Amurka, suna da wani ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230. Idan yana kan 115 aka jona shi a soket ɗinmu, nan take na'urar take ƙonewa. Duk wadda ka ga tana da wannan makunni tsohon ƙira ce, kuma gara a bar ta.

Na'urorin zamani suna da abin da ake kira Active PFC, wato tsarin da yake daidaita yadda suke jan wuta daga soket, kuma wannan yana da alaƙa da irin UPS ko inbatar da za ka haɗa su da ita. Ƙananan UPS masu araha, idan suka koma batir, ba sa fitar da wuta mai santsi irin ta layi, kwaikwayonta suke yi a tsittsinke, kuma wasu na'urorin wuta sukan yi ƙugi ko su mutu idan suka sha irin wannan. Mafi aminci shi ne UPS ko inbata da aka rubuta wa Pure Sine Wave. A lura kuma cewa lambar VA ba wat ba ce: UPS mai 650VA yawanci bai kai wat 400 ba, mai 1000VA kuma yakan tsaya wajen 600, don haka ƙarami ba zai ɗauki kwamfuta mai katin hoto tare da allonta ba. Na'urar wuta mai kyau tana iya riƙe kwamfuta na kimanin kashi 16 cikin dubu na daƙiƙa bayan an ɗauke wuta, kuma a cikin wannan ɗan tsakanin ne dole UPS ya karɓa. Idan inbatar gidanka tana sa kwamfuta ta sake tashi duk lokacin da aka ɗauke wuta, duba ko tana da saitin UPS, domin shi ya fi saurin sauyawa. Janareta kuwa kada a bar kwamfuta a jone lokacin tayar da shi ko kashe shi, sai ya daidaita.

Gidaje da yawa ba su da wayar at, wato wadda take kai ɓatacciyar wuta ƙasa, ko kuma an ja ta ba a binne ƙarfenta ba. Alamar haka ita ce ka taɓa kwango ka ji yana ɗan ja. Na'urar wuta komai tsadarta ba za ta gyara wannan ba, kuma soket mai kariya daga hawan wuta ba ya cika aikinsa idan babu at. Mai aikin wuta za a kira ya gyara.

Wayoyi da fulogai

Mataki na huɗu shi ne ƙidaya fulogan da kayanka suke buƙata. Madabod yana karɓar babban fulogi mai fil 24. Furosesa yana da nasa mai fil 8, wanda yakan rabu huɗu-huɗu, wasu manyan madabod kuma suna da gurbi biyu. Katin hoto yana samun wat 75 daga ramin da aka soka shi, sauran kuma daga fulogi mai fil 6 da yake ba da 75, ko mai fil 8 da yake ba da 150. Fulogin furosesa da na katin hoto sun yi kama, amma tsarin wayoyinsu ya bambanta, saboda haka a karanta rubutun da ke jikinsu, kada a tura da ƙarfi. Idan kati yana da gurbi biyu ko uku, ya fi kyau kowanne ya samu wayarsa daban daga na'urar maimakon waya ɗaya mai kai biyu. Idan na'urar ba ta da fulogin kati sam, hakan yana nuna ba a yi ta don wannan aiki ba, kuma adaftar da take jawo wuta daga fulogin SATA, wato na faifan ajiya, hanya ce ta narkewar waya.

Sababbin katunan Nvidia da yawa suna amfani da fulogi mai fil 16 da ake kira 12VHPWR, wanda yake ɗaukar har wat 600. A ƙarshen 2022 an samu rahotannin narkewarsa a jikin RTX 4090, kuma babban dalilin da aka gano shi ne rashin shigar da shi har ƙarshe. Daga baya aka gyara shi zuwa 12V-2x6, wanda yake hana kati jan cikakkiyar wuta idan fulogin bai zauna ba. Ko wanne ka samu, tura shi har sai ya yi ƙas kuma ba ka ganin wata rata, kada kuma ka lanƙwasa wayar sai bayan kimanin milimita 35 daga bakin fulogin. Wannan yana nufin kwangon yana buƙatar isasshen faɗi tsakanin kati da murfin gefe.

Na'urori kashi uku ne ta fuskar wayoyi: wadda duk wayoyinta a manne suke, wadda ake cire wasu, da wadda ake cire duka. Wannan bai shafi ingancin wuta ba, sauƙin shiryawa ne kawai. Amma akwai gargaɗi mai nauyi a nan: wayoyin da ake cirewa ba a musanya su tsakanin na'urori, ko da na kamfani ɗaya ne, domin bakin da yake shiga na'urar ba shi da ƙa'ida guda. Waya tana iya shiga daidai ta kai bolt 12 inda ake jiran 5, ta ƙone ma'ajiya da duk abin da ke cikinta. Idan ka sauya na'ura, cire tsofaffin wayoyin gaba ɗaya.

Awon kwango

Mataki na biyar da tef ɗin awo ake yin sa. Girman madabod ne yake fara yanke hukunci. ATX, wanda Intel ya fito da shi a 1995, milimita 305 ne da 244. Micro-ATX 244 ne da 244, Mini-ITX kuma 170 da 170. Babban kwango yana ɗaukar ƙaramin madabod, ƙarami kuwa ba ya ɗaukar babba. Ga wanda yake haɗin farko, matsakaicin kwango mai tsayi na ATX shi ne mafi sauƙi, domin hannu yana shiga, iska tana wucewa, kuma akwai wurin ƙara kaya nan gaba. Ƙananan kwangaye suna da kyan gani, amma da yawansu suna buƙatar na'urar wuta ta SFX, wadda ta fi ƙanƙanta, ta fi tsada, ta kuma fi wuyar samu idan ta lalace.

Daga nan akwai awo uku da kowane kamfanin kirki yake rubutawa. Na farko tsawon katin hoto: RTX 4090 na Nvidia da kansa milimita 304 ne, na wasu kamfanoni kuma sun wuce 340. Ka bar ratar milimita 20 ko fiye, kuma ka tuna cewa fanka ko lagireton sanyaya ta ruwa da aka ɗaura a gaba yana cin wani ɓangare na wurin. Na biyu tsayin na'urar sanyaya furosesa: Noctua NH-D15 milimita 165 ce, kuma akwai kwangaye da yawa da murfinsu ba zai rufu a kanta ba. Mai son sanyaya ta ruwa ya duba ko akwai wurin lagireto mai 240 ko 280 ko 360, da kuma ko zai taɓa ram idan an ɗaura shi a sama. Na uku tsawon na'urar wutar kanta: faɗinta 150 ne, tsayinta 86, amma tsawonta yana farawa daga 140 ya kai 180 ko fiye a manya, ga kuma wayoyi da suke buƙatar wurin lanƙwasawa a gabanta.

Iska da ƙura

Wannan shi ne wurin da ado ya fi yaudarar mai saye. Kwangaye da yawa an rufe gabansu da gilashi ko roba, an jera fankoki masu fitilu a bayansa, alhali babu inda iska za ta shiga sai 'yan siraran ramuka a gefe. Fankar tana juyawa, amma abin da take ja kaɗan ne. A ɗaki mai na'urar sanyaya iska ana iya jurewa, amma a ɗakin da fankar sama kaɗai take aiki a watan Afrilu, furosesa da katin hoto za su rage gudunsu da kansu don tsira daga zafi, ka biya kuɗin ƙarfin da ba ka samu. Zaɓi kwango mai raga a gaba. Tsarin da ya wadatar ga yawancin haɗi shi ne fanka biyu ko uku a gaba suna jawo iska, ɗaya a baya tana fitarwa. Fanka mai milimita 140 tana tura iska daidai da mai 120 a kan gudu ƙasa da nata, saboda haka ta fi shiru.

Raga kuwa ƙura take shigarwa, kuma wanda ya ga yadda hazon hunturu yake rufe tebur a wuni ɗaya ya san abin da zai yi wa kwamfuta. Maganin abu biyu ne. Na farko, kwangon ya kasance yana da matatar ƙura a gaba da ƙasa da sama, wadda ake zarewa a wanke ba sai an kwance sukuru ba, domin matatar da take da wuyar cirewa ba a wanke ta. Na biyu, iskar da take shiga ta fi wadda ake fitarwa yawa. Idan haka ta kasance, iskar da ta yi rara takan fita ta ramukan kwango, ta hana ƙura shiga ta can, sai dukkan iskar ta bi ta matata. Idan masu fitarwa suka fi yawa, kwangon yakan zuƙo ƙura ta kowace kafa. Kada kuma a ajiye kwamfuta a ƙasa kai tsaye, musamman a kan kafet ko darduma. A ɗora ta a tebur ko a kan katako.

Sauran abubuwan dubawa ba su da yawa. Idan kwango yana da ramin USB-C a gaba, tabbatar madabod ɗinka yana da gurbinsa, in ba haka ba ramin zai zauna ba aiki. Idan kana tara bidiyo ko hotuna a manyan faifan ajiya masu inci 3.5, ƙidaya gurabensu, domin sababbin kwangaye sun rage su zuwa biyu ko ɗaya. Danna murfin ƙarfen da yatsa ka ga ko yana lotsawa, ka shafa bakin ƙarfen ciki a hankali ka ji ko yana da kaifi, ka kuma duba ko akwai sarari a bayan madabod na ɓoye wayoyi. Murfin gilashi kuwa kada a taɓa ajiye shi a kan tayil, domin ɗan bugu a gefensa yana tarwatsa shi.

Game da kayan hannu, kwango na hannu ba shi da laifi idan sukurorinsa da wayoyin makunninsa sun cika. Na'urar wuta ta hannu kuwa caca ce, domin kafasitoci suna tsufa kuma zafi yana gaggauta tsufansu, ba kuma a ganin hakan daga waje. Sannan kwamfutocin ofis na Dell da HP da suka cika kasuwanninmu, da yawansu suna da na'urar wuta da fulogai da kwango na ƙirar kamfanin kaɗai, waɗanda ba sa bin ƙa'idar ATX. Wanda yake shirin sayen irinsu don ya ƙara katin hoto ko ya sa sabon madabod ya buɗe ya duba kafin ya biya.

Ɗaurawa da gwajin farko

Idan kaya sun iso, fara da ƙananan ginshiƙan da madabod yake zama a kansu: su yi daidai da ramukansa, kuma a cire duk wanda ba shi da rami a kansa, domin yana iya taɓa bayan madabod ya haɗa wuta. Idan na'urar wutar mai cire wayoyi ce, jona wayoyin da kake buƙata kafin ka shigar da ita, saboda wurin yana da matsi. Idan ƙasan kwangon yana da ramukan iska da matata, fankarta ta kalli ƙasa domin ta sha iskar waje. Idan ƙasan a rufe yake, ta kalli sama. Ɗaure ta da sukurori huɗun da suka zo da ita, ka bi da wayar furosesa ta bayan madabod tun kafin na'urar sanyaya ta tare wurin, sannan ka danna kowane fulogi har maƙallinsa ya kama.

Kunna ta karon farko da murfin gefe a buɗe, ka tabbatar kowace fanka tana juyawa kuma tana tura iska inda ake so. Gefen da yake da sandunan da suka riƙe motar fanka shi ne inda iska take fita. Wasu na'urorin wuta ba sa juya fankarsu sai aiki ya yi nauyi, don haka kada shirun nata ya tayar maka da hankali. Bayan an sa manhaja, ba wa furosesa da katin hoto aiki mai nauyi a lokaci guda na kimanin rabin awa, kana kallon zafinsu da manhaja irin HWiNFO, sannan ka rufe murfin ka sake gwadawa. Idan zafin ya tashi sosai bayan rufewa, iska ce ba ta isa ba. Idan kwamfutar ta mutu farat ɗaya a tsakiyar gwajin alhali zafi bai yi yawa ba, na'urar wutar ce abin tuhuma na farko, kuma a mayar da ita tun kwanakin da mai shago ya ɗauka ba su ƙare ba. Ko da ta lalace, kada ka kwance murfinta, domin manyan kafasitocinta suna riƙe wuta mai haɗari bayan an zare ta daga soket.

A lokacin hunturu a zare matatun ƙura duk bayan mako biyu, a wanke su, a bar su su bushe sarai kafin a mayar. Cikin kwangon kuma a hure shi da bulowa duk bayan 'yan watanni, a waje, kwamfuta a kashe kuma a zare daga soket, ana riƙe kowace fanka da yatsa don kada iskar ta juya ta fiye da ƙima.